Jaco Pastorius: makaɗin da jitarsa ta ɓace shekara 20, ta ɓulla a shagon kayan hannu

Yau a filin tarihin mawaƙa da makaɗa za mu ɗan bar gida mu leƙa Amurka. Na san da yawanku ba ku taɓa jin sunan Jaco Pastorius ba, amma ku yi haƙuri ku bi ni, domin labarinsa da na jitarsa ya fi wasu finafinan da muke kwana kallo.

Bari in fara da ita kanta jitar, don kar in bar wasu a baya. Akwai jita ta gama-gari mai tsirkiya shida, akwai kuma wadda ake ce wa bes, mai tsirkiya huɗu masu kauri. Ita ce ke ba da wannan amon mai nauyi da kake ji yana dukan ƙirjinka idan an ƙure sifika a gidan biki. A waƙoƙin finafinanmu na Hausa galibi da fiyano ake fitar da wannan sautin a situdiyo, shi ya sa matasanmu da yawa sun san amon amma ba su san kayan ba. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da bes mai aiki da lantarki da ta karɓu a kasuwa a 1951, sai a 1960 kamfaninsa ya ƙara fito da wani samfurin mai suna Jazz Bass. A farkon 1965 aka sayar da kamfanin ga CBS, kuma har gobe masu harkar sun fi daraja jitocin da aka ƙera kafin wannan cinikin. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

A wannan shekarar dai ta 1951, ranar 1 ga Disamba, aka haifi John Francis Anthony Pastorius na uku a garin Norristown da ke jihar Fensilbeniya. Jaco laƙabi ne. Mahaifinsa mawaƙi ne kuma makaɗin ganga, don haka ya gaji abin a gida. Yana yaro suka koma jihar Filorida, kusa da Fort Lauderdale, kuma da ganga ya fara kamar babansa. Yana ɗan shekara 13 ya ji mummunan rauni a wuyan hannu wajen wasan ƙwallon Amurka, hannun bai ƙara yi masa daidai a kan ganga ba. Da ƙungiyar samarin da yake ciki, Las Olas Brass, ta sami wanda ya fi shi iya ganga, sai ya koma kan bes tunda gurbin ya buɗe. Kun ji yadda abin ya samo asali, tsautsayi ne ya kai shi.

Daga baya ya tara kuɗi ya sayi ƙatuwar bes ɗin nan ta katako da ake tsayarwa a ƙasa, wadda ta kai tsawon mutum. Filorida kuwa wuri ne mai laima, ga teku, ba a daɗe ba katakon ya tsage. Daga nan ya haƙura ya rungumi ta lantarki, amma zuciyarsa na kan wancan amon mai taushi.

To a nan ne labarin ya yi daɗi. A farkon shekarun 1970 ya sami wata Jazz Bass ƙirar 1962 ta hannu, wadda ake ba da labarin dala 90 ya saye ta. A wuyan kowace jita akwai wasu ƙananan ƙarafa a gicciye, su ne ke raba sauti gida-gida, in ka danna tsirkiya a kansu sai ta ba ka amon daidai ko da yatsanka ya ɗan kauce. Ita jitar Jaco ba ta da su. Labarin da ya fi yaɗuwa, wanda shi ma ya sha bayarwa, shi ne da wuƙar cin abinci ya ɓamɓare su, ya cike ramukan, sannan ya shafe wuyan da wani irin danƙo mai tauri da ake shafa wa jiragen ruwa don kar tsirkiya ta cinye katakon. Ya raɗa mata suna Bass of Doom, wato kamar ka ce bes ɗin halaka.

Ni abin da ya ba ni dariya a nan, Turawa na ta mamakin wannan abu, alhali mu daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo duk wanda ya taɓa zama gaban mai goge ko mai garaya ko mai gurmi ya san kayanmu ba su da waɗannan ƙarafan tun fil azal. Kunne da yatsa ne kawai. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tal ta kuntigi ya zaga duniya. Don haka duk Bahaushen da ya saurari Jaco zai gane abin da yake yi da wuri: yana jan yatsa a kan tsirkiya sautin ya zame daga wannan gida zuwa wancan ba tare da yankewa ba, jitar ta riƙa yi kamar mutum na rera waƙa. Bambancin shi ne ya yi hakan a kan kayan da kowa ya ɗauka aikinsa tsayawa a baya ne kawai yana raka sauran.

Bai tashi sama haka kawai ba fa. Ya sha wahala a gidajen rawa na Filorida, ya yi aiki a jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa, ya bi ƙungiyar Wayne Cochran yawon gari-gari a 1972, inda ya koyi rubuta kiɗa da tsara shi. Har koyarwa ya ɗan taɓa a Jami'ar Miyami, a can ya san makaɗin jita Pat Metheny. Waɗanda suka san shi a lokacin sun shaida ba ya shan giya, ba ya shan ƙwaya. Yana da mata, Tracy, da 'ya'ya biyu, Mary da John, kuma neman abin da zai ciyar da su ne ya sa ya ɗauki abin da zafi.

Sai dai akwai cika baki. Wata rana ƙungiyar Weather Report ta zo wasa Miyami, Jaco ya tare shugabanta Joe Zawinul, ɗan ƙasar Ostiriya, ya gabatar da kansa a matsayin wanda ya fi kowa iya bes a duniya. Zawinul ya kore shi. Yaron bai yi zuciya ba, ya kai masa kaset. Da Zawinul ya saurara sai ya ɗauka ƙatuwar bes ta katako ce ake kaɗawa, har ya tambaye shi ko ya iya ta lantarki. Wato abin da ya nema tun ranar da katakonsa ya tsage ya same shi. Da gurbin Alphonso Johnson ya buɗe a ƙungiyar, Jaco aka kira.

Shekarar 1976 ita ce tasa. A cikinta kundinsa na farko mai ɗauke da sunansa ya fito, ya fito a kundin Black Market na Weather Report, ya fito a Bright Size Life na Pat Metheny, ya kuma yi wa mawaƙiya Joni Mitchell kiɗa a Hejira. Shekara ɗaya fa, yana ɗan 24. In za ku nemi abu ɗaya ku saurara, ku nemi Portrait of Tracy, wanda ya yi wa matarsa. Bes ce ita kaɗai, ba ganga ba murya, amma za ka rantse ƙararrawa ake bugawa, domin maimakon ya danne tsirkiya sai ya ɗan taɓa ta kawai a wasu wurare na musamman ta ba da siririn amo. A 1977 suka saki Heavy Weather, kundin da ya fi kowanne na ƙungiyar kasuwa. A dandamali kuwa ba a magana: yana barbaɗa hoda a ƙasa don ya riƙa sulɓi irin na James Brown, yana tsalle daga kan sifika, wani lokaci ko riga babu.

Gaskiya ni a ganina cika bakin nan ba duka ne wasa ba, wani ɓangarensa alamar ciwon da ke tafe ne, amma tunda yana cika alkawari a kan dandamali ba wanda ya damu. Ya fara shan giya da hodar iblis bayan ya shahara. Aurensa na farko ya mutu, ya auri Ingrid, ta haifa masa tagwaye Felix da Julius a 1982. Ya kafa babbar ƙungiyarsa, ya fitar da kundin Word of Mouth a 1981 a ƙarƙashin kamfanin Warner, ya bar Weather Report. Masana sun yaba wa kundin amma bai yi kasuwar da kamfanin ya sa rai ba, daga baya suka rabu da shi. A rangadin Japan na 1982 ya aske kansa, ya shafa wa fuskarsa fenti, ya jefa bes cikin teku a Hiroshima. A ƙarshen shekarar likitoci suka tabbatar yana da ciwon ƙwaƙwalwar da ke ɗaga mutum sama ya ji ba kamarsa, sannan ya jefo shi cikin baƙin ciki mai tsanani. Mu nan da an ce iska ce ko sammu, a can kuma aka ce iskancin taurari ne. Ko ta ina dai ba a kama shi da wuri ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta lalacewa. Masu shirya wasa suka fara gudunsa don ba a san da wace fuska zai zo ba. Mutumin da ake cika fili dominsa ya koma kwana a filayen shaƙatawa na birnin Niyok, yana roƙon na abinci. A 1986 aka kwantar da shi a sashen masu taɓin hankali na asibitin Bellevue na wasu makonni.

Ita ma jitar ba ta tsira ba. A tsakiyar shekarun 1980 ta farfashe guntu-guntu a hannunsa. Wani mai gyaran jita a Filorida, Kevin Kaufman, tare da abokin aikinsa suka zauna suka liƙe guntayen, suka lulluɓe gaba da bayanta da sabon fallen katako don ta riƙe, har kamanninta suka canza. Aka mayar masa da ita Niyok. Ba ta daɗe a hannunsa ba, a 1986 ɗin dai, ya ajiye ta a kan benci a wani fili a Manhattan, aka ɗauke. Bai ƙara ganinta ba.

Ya koma Filorida. Daren 11 ga Satumba 1987 ya je wasan Carlos Santana, ya haye dandamali ba a gayyace shi ba, masu tsaro suka fitar da shi. Daga can ya nufi wani gidan rawa a Wilton Manors, aka hana shi shiga, rigima ta kaure tsakaninsa da mai kula da wurin, wanda ya iya faɗan kareti. Aka kwashe Jaco da fasasshen kai zuwa asibiti, ya yi kwanaki bai farfaɗo ba, ya rasu ranar 21 ga Satumba 1987 yana da shekara 35. Wanda ya doke shi ya amsa laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke masa wata 22, ya yi wata huɗu aka sake shi. Wata huɗu, jama'a.

Shekara 20 ba a ji ɗuriyar jitar ba, sai a 2006 ta ɓulla a wani shagon jita a Niyok. Wani ne ya shigo da ita ya sayar, mai shago ya biya. Gyaran nan da Kaufman ya yi mata ya zama shaida, domin ba wata jitar da ke da irin wannan ɗinkin a jiki. Ku duba lissafin: ƙirar 1962 ce, wato kafin cinikin CBS, wannan kaɗai ya isa ya ɗaga kuɗinta. Ga shi kuma ita ce ta Jaco. A ƙa'idar masu tara tsofaffin jitoci, wadda aka cire wa ƙarafa, aka fasa, aka liƙe, aka canza mata fuska, darajarta faɗuwa take yi warwas. Wannan kuwa raunukan ne ma kuɗinta.

Iyalan Jaco suka ce kayan mahaifinsu ne aka sace, a ba su. Mai shago ya ce shi da kuɗinsa ya saya. Duk wanda ya taɓa sayen waya ko babur na hannu a kasuwar Achida ya san wannan rigimar, shi ya sa masu hankali ba sa biya sai da rasit da shaidu da dillalin da aka san gidansa. Ni dai ina bayan iyalan, don kayan sata ko ya bi hannu goma sunansa kayan sata, kuma mai shagon jita a Niyok ba zai ce bai san abin da ke hannunsa ba bayan an gaya masa. Amma shari'a a Amurka kuɗi take ci. Aka yi ta jan magana tsakanin lauyoyi har iyalan suka kusa tsiyacewa.

A 2010 Robert Trujillo, makaɗin bes na ƙungiyar Metallica, ya shigo cikin maganar. Tun yana saurayi ya ga Jaco a dandamali, kuma ya saba da babban ɗansa John. Ya zuba kuɗinsa aka sasanta da mai shagon, jitar ta fito. A hukumance tana hannun Trujillo, amma iyalan na da iko da ita, kuma Felix, ɗaya daga cikin tagwayen, wanda shi ma ya zama makaɗin bes har ya yi aiki da ƙungiyar Yellowjackets, ya kaɗa ta. Yana ɗan shekara huɗu aka sace ta, yana biyar mahaifinsa ya rasu.

Ga masu son fim kuma, Trujillo bai tsaya nan ba, ya ɗauki nauyin shirya fim ɗin tarihin rayuwarsa mai suna Jaco, wanda Paul Marchand da Stephen Kijak suka ba da umarni, aka fara nuna shi a 2014. Joni Mitchell da Wayne Shorter da Herbie Hancock da Sting duk sun yi magana a ciki, akwai kuma tsofaffin hotunan bidiyo na gida tun yana yaro a Filorida. Da Turanci yake, amma ko ba ka jin komai za ka ga yatsun. Wanda ya kalla ya zo ya gaya mana yadda ya gani.