Jean Ayres: Matar da Ta Mayar da Wasa Magani

Wataƙila a gidanku, a Wurno ko Rabah ko Goronyo, akwai yaron da kansa ke ja amma yana yawan tuntuɓe, fura na zuba daga ludayinsa, maɓallin riga na ba shi wahala, in an tashi langa ba a son ɗaukarsa. Kafin ka kira shi sakarai, ya kamata ka san wannan mata.

An haifi Jean Ayres a 1920 a garin Visalia, jihar Kalifoniya ta Amurka. Ta karanci aikin koya wa marasa lafiya ayyukan yau da kullum a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ta yi digirin digirgir a 1961. Abin da ya ɗauke mata hankali shi ne yaran da ba su da shan inna, ba kuma taɓin hankali gare su ba, amma jikinsu ba ya bin abin da suke nufi. Ta ce matsalar tana wajen ƙwaƙwalwa: yadda take haɗa saƙon ido, fata, gaɓoɓi da cikin kunne kafin ta tsara motsi. Maimakon faɗa da duka, sai ta cika ɗakin aikinta da lilo da abubuwan hawa, yaro na wasa yana koyo. Littafinta na 1979 domin iyaye ta rubuta shi.

Gaskiya ba duk abin da ta faɗa ne bincike ya tabbatar ba. Yau likitoci sun fi ganin amfanin koya wa yaro ainihin aikin da ke gagararsa, kaɗan-kaɗan, kullum. An kuma gwada wasannin bidiyo na motsa jiki irin su Wii Fit, har a makarantun Afirka ta Kudu, aka ga suna taimakawa wajen tsayuwa daidai, amma ƙari ne kawai a kan horo. In babu na'ura ko wuta, 'yar gala-gala da cafe ƙwallo ma horo ne.

Ayres ta rasu a Disambar 1988, shekara guda bayan matsalar ta samu suna a kundin likitoci. Ana ƙiyasta tana shafar yara 5 zuwa 6 cikin 100. Idan ka ga alamun a ɗanka, kai shi asibiti a fara duba idonsa da jijiyoyinsa, ka kuma nemi a tura ku sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.