Benito Juarez, Makiyayin da Ya Shugabanci Meksiko

Meksiko wata babbar ƙasa ce da ke kudu da Amurka. Turawan Sifen suka ci ta da yaƙi a 1521, suka shekara 300 suna mulkinta. 'Yan asalin ƙasar kuwa suka koma talakawa, su ne noma, su ne haƙar azurfa, ba su da ta cewa. A cikinsu aka haifi Benito Juarez ran 21 ga Maris 1806, a wani ɗan ƙauye cikin duwatsun jihar Wahaka. Mutanen can su kan furta sunan nan Huwares. Shi ɗan ƙabilar Zafotek ne.

Yana da shekara 3 uwa da uba suka rasu. Kakanninsa suka riƙe shi, daga baya ya koma hannun baffansa, ya shiga kiwon tumaki. Ba makaranta a ƙauyen, harshen Sifen kuwa, wanda ake shari'a da ciniki da shi, bai iya ba. Da ya kai shekara 12 sai ya kama hanya a ƙasa, tafiyar wajen mil 40, har birnin Wahaka inda yayarsa ke aikatau. Wani mai ɗinkin littattafai, Antonio Salanueva, ya ɗauke shi, ya sa shi makaranta don ya zama limamin coci. Yaron ya yi karatu ƙwarai, amma shari'a ya zaɓa. A 1834 ya zama lauya.

Kafin nan Meksiko ta sami 'yancin kai tun 1821, sai dai ba ta sami zaman lafiya ba. Yau wannan janar ya ƙwace mulki, gobe wancan ya ture shi. A 1848 Amurka ta raba ta da wajen rabin ƙasarta. Sojoji da manyan coci suna da kotunan kansu, alƙalin gari ba shi da iko a kansu. Juarez ya ɗanɗana wannan da kansa, gama ya taɓa tsaya wa waɗansu ƙauyawa da suka kai ƙarar limaminsu saboda yawan kuɗin da ya ke karɓa, sai ga shi an kulle lauyan 'yan kwanaki.

Ya zama gwamnan Wahaka a 1847. A 1853 Janar Santa Ana ya kore shi daga ƙasar, ya tafi Amurka yana naɗin taba don ya sami abinci. Da aka tumɓuke Santa Ana a 1855 ya komo, aka ba shi ministan shari'a, ya yi dokar da ta rage ikon kotunan nan na soja da na coci. Waɗanda abin ya taɓa ba su yarda ba. Sa'ad da ya hau shugabancin ƙasa a 1858, yaƙin basasa ya tarar, aka shekara 3 ana gwabzawa kafin jama'arsa su yi rinjaye.

Yaƙi ya bar baitulmali ba kome, saboda haka a 1861 ya dakatar da biyan bashin ƙasashen waje. Sarkin Faransa, Nafoliyon na Uku, ya fake da wannan ya aiko da runduna. Ran 5 ga Mayu 1862 Meksikawa suka kore su a Fuwebla, amma suka sake shiri, suka ci babban birni a 1863, sa'an nan suka naɗa wani yarima na Ostiriya, Makzimiliyan, sarkin Meksiko.

Juarez bai miƙa wuya ba, bai kuwa bar ƙasar ba. Ya shiga wani baƙin keken doki da 'yan ministocinsa ya nufi arewa, daga wannan gari zuwa wancan, Faransawa na biye da shi, har ya kai bakin iyakar Amurka ya tsaya. Iyalinsa ya tura su birnin Niyok, can 'ya'yansa maza biyu suka rasu bai gan su ba. Duk inda keken nan ya sauka, nan ya ke sa hannu a kan dokoki, nan ya ke aika wa mayaƙa umarni. Shekara 4 ana haka.

A 1867 Faransawa suka gaji suka janye, aka kama Makzimiliyan. Manyan Turai suka yi ta roƙon a bar shi da rai, Juarez ya ƙi hana hukuncin kotun soja, aka harbe shi ran 19 ga Yuni.

Mulkinsa bai rasa abin zargi ba. Wata doka da jama'arsa suka yi ta raba ƙauyuka da yawa da gonakinsu na gandu, alhali kuwa irin mutanen da ya fito cikinsu ne. Ya kuma daɗe bisa kujera har waɗansu tsofaffin abokan gwagwarmayarsa suka yi masa tawaye a 1871. Ciwon zuciya ya kashe shi a fadar gwamnati ran 18 ga Yuli 1872, yana da shekara 66. Garin nan na bakin iyaka inda kekensa ya tsaya, a 1888 aka sa masa sunansa.