Sam Cooke: Mawaƙin da ya nemi mallakar gumin muryarsa

Duk wanda ya taso a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya san yadda waƙar fada take tafiya: jagora ya jefa ɗa, 'yan amshi su karɓe. Irin wannan salo na karɓa-karɓa ne bayin da aka kwasa daga Afirka suka riƙe a gonakin auduga na kudancin Amurka. Jikokinsu suka shiga da shi coci, daga can ya fito kasuwa. A 1949 mujallar Billboard ta fara kiran waƙoƙin baƙaƙen fata na zamani da suna Rhythm and Blues, wanda aka taƙaita zuwa R&B. Cikin waɗanda suka aza harsashin wannan kiɗa, kaɗan ne suka kai Sam Cooke tasiri.

An haife shi ranar 22 ga Janairun 1931 a garin Clarksdale na jihar Mississippi. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma ya ƙaura da iyalinsa zuwa Chicago a 1933. A can yaron ya soma waƙar addini tare da 'yan'uwansa. A 1950 ya zama jagoran ƙungiyar Soul Stirrers, wadda ta yi fice a waƙoƙin coci, muryarsa mai laushi ta riƙa jawo matasa tururuwa.

Da ya so ya gwada waƙar duniya, sai ya ɓoye a bayan sunan Dale Cook don gudun fushin mabiya, amma muryar ta tona asirinsa. Ya bar kamfanin Specialty tare da mai tsara masa kiɗa, Bumps Blackwell, suka koma kamfanin Keen. A 1957 waƙarsa You Send Me ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, farare da baƙaƙe suna rububin sayen faifanta.

A wancan zamani mawaƙi baƙar fata yakan karɓi ɗan abin da aka miƙa masa, ribar kuwa ta masu kamfani ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Cooke ya lura cewa dukiyar waƙa tana hannun wanda sunansa ke kan takardar mallaka. Saboda haka shi da amininsa J. W. Alexander suka kafa kamfanin Kags don riƙe haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta, suka kuma buɗe kamfanin faifai mai suna SAR. A nan ya zauna kujerar mai tsarawa, yana rubuta wa ƙanana waƙa, yana gyara musu murya. Johnnie Taylor da Bobby Womack da 'yan'uwansa duk sun bi ta hannunsa. Shi kansa ya koma babban kamfanin RCA a 1960.

Ɗaukaka ba ta tsare shi daga wulaƙancin wariyar launin fata ba. A Oktoban 1963 wani otal a Shreveport ta jihar Louisiana ya hana shi masauki, da ya nuna ɓacin rai kuma 'yan sanda suka kama shi. Bayan 'yan watanni ya ɗauki waƙar A Change Is Gonna Come, wadda ta zama ɗaya daga cikin taken masu fafutukar 'yanci. Ya yi abota da Malcolm X da Muhammad Ali, kuma yana wurin a Miami a Fabrairun 1964, daren da Ali ya doke Sonny Liston ya zama zakaran damben duniya.

Ranar 11 ga Disambar 1964 wata mai kula da ƙaramin masauki a Los Angeles ta harbe shi, yana da shekara 33. Masu bincike sun yanke cewa kare kanta ta yi, iyalinsa kuwa ba su gamsu ba. Ali na cikin dubban da suka je yi masa bankwana a Chicago.

Abin takaicin shi ne, a 1963 ya ƙulla yarjejeniya da wani akanta mai suna Allen Klein don ƙwato haƙƙinsa daga RCA. An kafa kamfani da sunan 'yarsa Tracey, amma Klein ne mai shi a takarda. Bayan mutuwar Cooke, kamfanin SAR ya rufe, yawancin waƙoƙinsa suka ƙare a hannun kamfanin Klein. Mutumin da ya nuna wa takwarorinsa muhimmancin takardar mallaka, ta wannan ƙofa aka shammace shi.

Duk da haka hanyar da ya share ba ta toshe ba. Aretha Franklin da Otis Redding da Marvin Gaye sun ɗora a kan salonsa, Curtis Mayfield da wasu kuma suka kafa kamfanonin kansu. Mawaƙan Kano da Kaduna da ke miƙa waƙoƙinsu ga dillalan intanet a yau suna fuskantar tambayar da ta sha masa kai: sunan wa ke kan takarda?