Marigayi Abebe Bikila: Sojan Habasha Da Ya Ci Rum Ba Takalmi

A cikin dukan mutanen da Afirka ta fitar a fagen wasannin motsa jiki, da wuya a sami wanda sunansa ya zauna a bakin jama'a kamar marigayi Abebe Bikila na ƙasar Habasha. Shi ne baƙar fata na farko daga wata ƙasa ta Afirka da ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik, kuma shi ne mutum na farko a duniya da ya ci gudun famfalaki na waɗannan wasanni sau biyu a jere. Gudun famfalaki kuwa, ga wanda bai sani ba, tsere ne na mil 26 da yadi 385, watau kilomita 42 da mita 195, wanda akan yi a kan titi ba tare da tsayawa ba.

An haifi Abebe Bikila ran 7 ga watan Agusta 1932 a wani ƙauye mai suna Jato, a lardin Shewa. Mahaifinsa makiyayi ne, saboda haka shi ma da kiwo ya tashi a cikin duwatsun ƙasarsu. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya, bisa umurnin Mussolini, suka auka wa Habasha da yaƙi a 1935, suka mamaye ta har zuwa 1941. Wannan al'amari yana da muhimmanci a tarihinsa, kamar yadda za a gani a gaba.

Da ya kai kimanin shekara ashirin sai ya tafi Addis Ababa, ya shiga rundunar sojan da ke tsaron Sarkin Sarakuna Haile Selassie. A nan ne ya gamu da wani malamin wasanni mai suna Onni Niskanen, mutumin Suwidin, wanda gwamnatin Habasha ta ɗauka aiki. Wannan Bature shi ya fara gane irin baiwar da Allah Ya yi wa yaron, ya shiga horar da shi bisa tsari. Wani abin da ya taimake shi kuma shi ne yanayin ƙasar. Birnin Addis Ababa yana kan tudu ne mai tsawon fiye da mita 2,300 daga gaɓar teku, inda iskar shaƙa ba ta da kauri. Duk wanda ya saba gudu a irin wannan wuri, jininsa yakan koyi ɗaukar iska da yawa, in ya sauko ƙasa kuwa sai ya fi abokan karawarsa jimiri.

A shekarar 1960 aka zaɓe shi cikin 'yan wasan da za su wakilci Habasha a birnin Rum. Ba wanda ya san shi a wajen ƙasarsa, kuma masana sha'anin tsere ba su sa shi cikin lissafi ba. Da ya isa can sai ya sami sababbin takalma, amma ba su yi masa daidai ba, har suka sa ƙafarsa ta yi bororo. Don haka ya yanke shawara ya yi gudun da ƙafa ba takalmi, kamar yadda ya saba a gida.

An yi tseren ran 10 ga watan Satumba 1960. Saboda zafin rana sai da yamma aka fara, aka ƙare da dare, sojojin Italiya suna tsaye a gefen tsohuwar hanyar nan ta Appia riƙe da wutar jiniya don haskaka wa 'yan tsere. Tun wajen tsakiyar tafiya Abebe, mai lamba 11, da Rhadi Ben Abdesselam na ƙasar Maroko suka bar sauran a baya, suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa. Hanyar ta bi ta gaban dogon dutsen tarihi na Aksum, wanda Italiyawa suka kwashe daga Habasha a 1937 suka kafa a Rum, ba su kuwa mayar da shi ba sai a 2005. Da aka kusa ƙarshe sai Abebe ya ƙara mai, ya bar Rhadi, ya iso bakin Ƙofar Constantine cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16.2. Ya riga Rhadi da kimanin daƙiƙa 25, ya kuma karya bajintar da Sergei Popov na Tarayyar Sobiyat ya kafa a 1958.

Ba a Habasha kaɗai aka yi murna ba. Shekarar 1960 ita ce shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, cikinsu har da Nijar a watan Agusta da Nijeriya ran 1 ga Oktoba, watau mako uku bayan wannan tsere. Ga shi kuma ɗan makiyayi, soja maras igiya, ya zo babban birnin waɗanda suka mamaye ƙasarsa shekara 25 da suka wuce, ya kayar da duniya ƙafarsa a ƙasa. Da ya koma gida aka tarye shi da gagarumin biki, Sarki ya ba shi lambar girma, aka kuma yi masa kofur.

Murnar ba ta daɗe ba sai ga wata fitina. A watan Disamba na wannan shekara, Sarki yana ziyara a Burazil, shugaban rundunar tsaron fada, Janar Mengistu Neway, ya yi yunƙurin juyin mulki. Yunƙurin bai ci nasara ba, aka kashe mutane da yawa, aka kama sojojin rundunar. Abebe ma an tsare shi na ɗan lokaci ana bincike, daga baya aka sake shi. Ya koma fagen tsere, a 1961 ya ci gudun famfalaki a Atina ta ƙasar Girka, da Osaka ta Japan, da Kosice ta Cekoslobakiya. A 1963 ya tafi Boston ta Amurka, inda ya zo na biyar.

Babbar jarrabawarsa ta zo ne a 1964. Ana sauran 'yan makonni a fara wasannin Tokyo sai ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka gano afendis ne, watau kumburin wani ɗan reshe na hanji. Aka yi masa tiyata ran 16 ga Satumba. Mutane da yawa sun ɗauka ko zuwa ba zai yi ba. Amma ran 21 ga Oktoba, mako biyar daidai bayan an yanka shi, sai ga shi a fagen tsere, wannan karo da takalmi. Kafin a kai rabin hanya ya wuce gaba, daga nan ba wanda ya sake kusantarsa. Ya gama cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11.2, wata sabuwar bajinta ta duniya, ya riga Basil Heatley na Ingila da fiye da minti huɗu. Kokichi Tsuburaya na Japan ya zo na uku. Abin da ya fi ba 'yan kallo mamaki shi ne, maimakon ya zube don gajiya, sai ya koma kan ciyawa ya shiga miƙe gaɓoɓinsa kamar mai shirin fara wani gudun. A waɗannan wasanni ne kuma Nijeriya ta sami lambarta ta farko a Olamfik, ta tagulla, ta hannun ɗan dambe Nojim Maiyegun. Da Abebe ya koma gida aka yi masa laftanan, aka ba shi kyautar mota ƙirar Volkswagen.

A 1968 ya tafi birnin Meksiko da niyyar cin na uku, amma yana fama da tsagewar ƙashi a ƙafa. Bayan ya yi kimanin mil goma dole ya janye. Duk da haka lambar ba ta bar Habasha ba, domin abokinsa Mamo Wolde, shi ma sojan tsaron fada, shi ya zo na ɗaya. Bayan wannan aka ƙara wa Abebe girma zuwa kyaftin.

A watan Maris 1969 ƙaddara ta auka masa. Yana tuƙa motarsa da dare sai ta ƙwace ta kife, ya ji mummunan rauni a ƙashin wuya, jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi wata takwas yana jiyya. Hannuwansa sun dawo aiki, amma ƙafafun nan da duniya ta sani ba su sake takawa ba. Duk da haka bai zauna yana kukan zuci ba. Daga kan keken guragu ya koyi harbin baka da ƙwallon tebur, ya shiga gasar naƙasassu ta Stoke Mandeville a 1970. A 1971 aka gayyace shi ƙasar Norway, inda ya ci wani tsere da ake yi a kan ƙanƙara. A 1972 ya halarci wasannin Munich a matsayin baƙo na musamman, jama'a suka miƙe tsaye suna yi masa tafi.

Ya rasu ran 25 ga Oktoba 1973 a Addis Ababa, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa wanda ke da nasaba da haɗarin da ya yi. Shekarunsa 41, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. An binne shi da cikakkiyar girmamawar soja, Sarki Haile Selassie da kansa ya halarci jana'izar tare da dubban mutane, aka kuma keɓe ranar makoki a ƙasar baki ɗaya.

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. A bayansa ne aka sami su Miruts Yifter da Haile Gebrselassie da Derartu Tulu a Habasha, da su Kipchoge Keino da Eliud Kipchoge a Kenya, har gudun dogon zango ya zama abin da aka san gabashin Afirka da shi. An sa wa wani filin wasa sunansa a Addis Ababa. A 2010 kuma, shekara 50 bayan nasararsa, wani ɗan Habasha mai suna Siraj Gena ya ci gudun famfalaki na birnin Rum, da ya kusa ƙarshe sai ya tuɓe takalmansa ya ƙarasa da ƙafa don tunawa da shi.

Darasin da ke cikin rayuwar wannan bawan Allah a fili yake, musamman ga 'yan makaranta da hukumomin wasanni. Bai tashi da filin wasa na zamani ba, bai tashi da kayan aiki ba. Abin da ya samu shi ne malami ɗaya da ya kula da shi, da hukuma da ta ba shi dama, da kuma haƙurin horo na shekara da shekaru. Yara masu irin baiwarsa suna nan a ƙauyuka suna bin dabbobi. Nemo su da horar da su aiki ne da ya rataya a wuyan makarantu da ma'aikatun wasanni.