Masu kiran sunan Sardauna a wurin kamfe

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi wa 'yan uwana manoma da 'yan tireda tuni da rayuwar Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tunda duk ɗan takarar da ya hau dandali sai ya kira sunansa.

A Rabah anka haife shi, ɗan sarkin garin ne, jinin Sarkin Musulmi Bello. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah ya ba Abubakar na Uku, shi kuma anka naɗa shi Sardauna. A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Ni ban gan shi ba, mahaifina ne ya ba ni labarin zaɓen 1959. Awolowo ya shigo Arewa da jirgi mai saukar ungulu, Sardauna kuwa ya yi ta rangadi da jam'iyyar NPC mai alamar fartanya. Abin da yake faɗa wa jama'a shi ne Arewa ɗaya ce, mutanenta ɗaya, ba ruwansu da bambancin ƙabila ko addini. Da sunka ci zaɓe, ya bar wa Tafawa Ɓalewa kujerar Legas, ya zauna Kaduna. Ya yi aiki da Kiristoci irin su Michael Audu Buba, ya kafa jami'a a Zariya a 1962 don 'ya'yan kowa.

Ba na ce ba shi da laifi ba. 'Yan NEPU sun sha ɗauri a zamaninsa, an yi tarzoma a ƙasar Tibi, mutanen Kudu kuma suna ganin Arewa ya sa gaba da Nijeriya. Sojoji sunka kashe shi a Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966. Allah ya jiƙansa.

To jama'a, in ɗan takara ya zo yana ta ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, mu tambaye shi me ya gina, wa ya jawo a jiki wanda ba ƙabilarsa ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kada mu sayar da ƙuri'a kan sabulu da atamfa.

Naku,
Wani manomi,
Ƙofar Atiku, Sakkwato.