Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da haƙƙin masu sana'a a kan hukuma

A duk lokacin da aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, abin da ya fi saurin zuwa zukatan jama'a shi ne malamin da ya rubuta Infaƙul Maisuri da jarumin da ya ci Alƙalawa. Akwai kuwa wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika tattaunawa ba, wato yadda ya ɗauki kula da maƙera da marina da maɗinka da sauran masu sana'ar hannu a matsayin nauyin da ke wuyan shugaba. A wannan zamani da gwamnatocin jihohin Arewa suke yawan maganar ƙananan masana'antu da samar wa matasa aikin yi, ya dace mai karatu ya waiwayi rayuwar wannan bawan Allah, musamman dangantakarsa da ƙasar Gwandu, wadda a da take cikin wuraren da aka sani da kyakkyawar saƙa.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Ya tashi a Ɗegel, a gidan da karatu da karantarwa suke aikin yau da kullum, ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya shahara a fagen nahawu da lugga da tafsiri. Bai wuce shekara ashirin da uku ba lokacin da jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, kuma yana cikin waɗanda suka halarci yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin wannan shekarar. Nasarar Kwatto ba ta kawo hutu ba, domin kafin shekarar ta ƙare jama'a sun yi babbar asara a Tsuntsuwa, ga yunwa ga cututtuka sun addabe su.

A shekarar 1805, bayan da Abdullahi ya jagoranci cin Birnin Kebbi, sai Shehu da jama'arsa suka sauka a Gwandu. Ba a jima ba rundunar Gobirawa da Kabawa da Azbinawa ta yi musu mummunar ɓarna a Alwasa, ta kuma biyo su har Gwandu, inda da ƙyar aka kore ta. A lokacin garin ba shi da ganuwa. Muhammadu Bello ne ya tsaya a kan gina masa ita a shekarar 1806, kuma wannan ne aikin gina gari na farko da aka san shi da shi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sai ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Ana iya cewa waɗannan shekaru na ƙunci su ne suka koya masa cewa jama'ar da ta dogara ga ganima ba za ta daɗe ba, kuma daula ba ta tsayuwa sai da gari mai ganuwa, da gona, da kasuwa, da masu sana'a a cikinsa.

A shekarar 1812 Shehu ya raba ragamar gudanarwa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi kuma ya koma Gwandu da ɗan sanyin jiki a tsakaninsu. Nan take garuruwa da dama suka yi tawaye, har da Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, wanda ya rasa ransa a farkon 1818. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu suka gagari Abdullahi, har sai da Bello ya kawo masa ɗauki a wajejen 1820. A nan ne baffa da ɗa suka daidaita, aka tabbatar da tsarin Sakkwato da Gwandu a matsayin cibiyoyi biyu na daula ɗaya. Wani abin lura shi ne, bayan wannan rikici an bar Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin Jega a ƙarƙashin Gwandu, kuma kafin ƙarnin ya ƙare Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular baki ɗaya.

Manufar Bello game da sana'o'i a rubuce take. A cikin Usulus Siyasa, littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya jera ginshiƙan mulki guda bakwai, ya kuma keɓe ɗaya daga cikinsu ga abin da ya shafi jin daɗin talakawa. A nan ya bayyana cewa wajibi ne shugaba ya reni masu sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya ce a rarraba su ta yadda kowane gari da ƙauye zai sami nasa. Ya haɗa wannan da tanadin abinci, da gina ganuwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. A wani littafin nasa, Tanbihus Sahibi, ya yi bayanin hukunce-hukuncen neman abin kai, ya yabi mai ci da guminsa, ya kuma soki zaman banza da dogaro ga abin hannun mutane.

Bai tsaya ga rubutu kawai ba. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, irin su Wurno da Lajinge da Shinaka, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan wasunsu, ya kuma ƙarfafa wa makiyaya gwiwa su zauna a cikinsu su yi noma, su koyi sana'a, su sa 'ya'yansu karatu. Ribaɗi sansanin tsaro ne, amma a tsarin Bello gari ne cikakke, mai masallaci da makaranta da kasuwa. Shi kansa ya bar jin daɗin Sakkwato ya tare a Wurno a ƙarshen rayuwarsa. Haka nan da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ziyarce shi a 1824, batun ciniki da bakin teku da neman a turo masa likita suna cikin abubuwan da suka tattauna.

Mai karatu zai lura cewa marini da maɗinki da Bello ya ambata ba su da aiki sai masaƙi ya sauke ƙwarya daga masaƙarsa, shi kuma masaƙi ba shi da aiki sai da zare. Tufa guda ɗaya takan ratsa hannaye masu yawa. Manomi ya noma auduga, mata su gurje ta da magurji, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari ta zama zare da abawa. Masaƙi ya ja zarensa ya ɗaure a kunkuru, ya zauna da allira da matsefi da ƙoshiya. Daga nan sai marina, inda ake tsoma ta a karofin baba, sai mabuga, sai maɗinki, sai dillali, sai fatake. Duk inda ɗaya ya tsaya, sauran sun tsaya. Hikimar rarraba masu sana'a a kowane gari da tsare musu hanya da kasuwa ke nan.

Shekara goma sha shida bayan rasuwar Bello, wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a Gwandu a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi. Ya tarar da gari cikin matsin yaƙi da Kabawa, kasuwarsa ba ta da wani armashi, amma duk da haka ya shaida cewa saƙar garin mai inganci ce ƙwarai, ko da yake rininta bai kai na Kano da Nufe sheƙi ba, kuma ana nemanta har Liptako, wadda a yau take cikin Burkina Faso. Shi ne kuma ya ƙiyasta cewa Kano kaɗai tana aika kayan raƙumi ɗari uku na tufafi zuwa Tambutu a kowace shekara. Nufe da Ilori, waɗanda suka yi fice a saƙa, dukansu suna ƙarƙashin Gwandu ne. Gaskiya ne saƙa ta girmi jihadi a ƙasar Hausa, kuma sarakunan Gwandu suna da nasu ikon, amma haɗe ƙasashe masu faɗi a kasuwa ɗaya mai doka ɗaya, wanda Bello ya shafe shekara ashirin yana yi, shi ne ya ba sana'ar filin da ta bunƙasa.

Adalci ga tarihi ya sa dole a faɗi cewa wannan arziki yana da ɗacinsa. Wani kaso mai yawa na audugar da baban rini bayi ne suka noma su a rumada, kuma da yawa daga cikin gwanayen masaƙa da masu kaɗi, musamman Nufawa, yaƙi ne ya raba su da gidajensu. Wannan ba abin koyi ba ne, kuma ɓoye shi ba ya ƙara wa kowa daraja. Abin ɗauka a nan shi ne tunanin cewa ci gaban mai sana'a haƙƙi ne da yake bin hukuma.

Bello ya ci gaba da yaƙi da rubutu har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi rubuce-rubuce a kan tarihi da fiƙihu da siyasa da ilimin magani, ciki har da ciwon ido. Baffansa Abdullahi ya riga shi rasuwa a Gwandu a 1829. A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke, wanda ya karya ƙawancen Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, a nan kuma kabarinsa yake, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Bayan zuwan Turawa a 1903, manufa ta juya. Aka mayar da hankali ga fitar da ɗanyar auduga zuwa Ingila da shigo da yadin Manchester, ko da yake an daɗe masaƙan gida suna taya audugar da farashin da ya fi na kamfanin Turawa. Fadar Gwandu ma ta koma Birnin Kebbi a 1906. Sai a zamanin Gwamnatin Jihar Arewa ne tattaɓa-kunnen Bello, Sardauna Ahmadu Bello, ya sake ɗaukar tufa a matsayin aikin hukuma, inda aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo baya. Waɗannan manyan masana'antu sun ciyar da dubban gidaje, amma sun ƙara ture masaƙin gargajiya gefe, sa'an nan su ma rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin yadi suka durƙusar da su. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, ta UNTL kuma ta dakata a 2007. Asusun Naira biliyan 100 da Gwamnatin Tarayya ta kafa a wajejen 2010 don farfaɗo da auduga da masaƙu bai mayar da su yadda suke a da ba. A ƙarshe Arewa ta tashi ba tsuntsu ba tarko.

A ganina kuskuren da ake maimaitawa shi ne ɗaukar tallafa wa sana'a a matsayin kyauta. A tara matasa a filin wasa, a raba musu kekunan ɗinki, a ɗauki hoto, a watse, ba tare da tambayar inda za su sami yadi ko wanda zai sayi abin da suka ɗinka ba. Tsarin Bello ya duba abin ne daga gona har kasuwa, ya kuma fara da tsaro, domin masaƙin da ya gudu daga ƙauyensa saboda 'yan bindiga ba zai ja zare ba. Wasu ƙasashe sun gane haka. Indiya ta yi doka a 1985 wadda ta keɓe wasu nau'o'in tufafi ga masaƙan hannu kaɗai. A Burkina Faso kuwa, ƙasar da a da take sayen saƙar Gwandu, Thomas Sankara ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙar gida tsakanin 1983 da 1987, wannan ya samar wa masaƙa kasuwa tabbatacciya, kuma tufar ta zama abin alfaharin ƙasar.

Jihar Kebbi ta riga ta ga abin da tsayuwar hukuma take iya yi, tun da a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a 2015, aka kuma ga yadda noman ya haɓaka a shekarun da suka biyo baya. Abin da ya rage shi ne a yi wa sana'ar hannu irin wannan tsayuwa. Matakin farko mai sauƙi ne, wato ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo da Jega, tare da Masarautar Gwandu, su ƙidaya masaƙa da masu kaɗi da marina da suka rage, a san garuruwansu da shekarunsu da abin da ya fi damunsu. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta yake a Kalgo, tana da masana da ɗalibai da za su iya wannan aiki, su kuma taskace sunayen kayan aiki da na zane, irin su saƙi da tsamiya da barage da gwado da luru, kafin tsofaffin da suka san bambancinsu su ƙare. Bayan haka sai a tabbatar musu da zare mai rahusa, a haɗa kowane gwani da almajirai, gwamnati da masarauta kuma su zama masu saye na farko, ta hanyar rigunan naɗin sarauta da kyaututtukan baƙi da tufafin bukukuwa irin su Uhola da kamun kifin Argungu.

Babu mai cewa masaƙar hannu za ta tufatar da miliyoyin mutane a yau, amma tana iya riƙe gidaje masu yawa a karkara, musamman mata, ta kuma ba saƙarmu daraja a kasuwar da ake biyan aikin hannu da tsada. Shugabannin da suke alfahari da gadon Sakkwato da Gwandu ya kamata su karanta abin da Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, su auna kasafin kuɗinsu da shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.