Vital Brazil: Likitan da ya gano cewa kowane dafin maciji da irin makarinsa

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake sare dazuzzukan jihar Sao Paulo ta ƙasar Brazil domin buɗe gonakin kofi, saran maciji na cikin abubuwan da suka fi kashe leburori. Mutum ya fita gona da safe babu takalmi, a ɗauko shi da rana ƙafa a kumbure, wani lokaci kafin gari ya waye an yi jana'izarsa. Likitocin zamanin ba su da abin da za su ba shi face ɗauri da tsaga da sassaƙe. Wanda ya sauya wannan hali wani ma'aikacin gwamnatin jiha ne mai suna Vital Brazil.

An haife shi ranar 28 ga Afrilu, 1865, a garin Campanha da ke jihar Minas Gerais. Cikakken sunansa Vital Brazil Mineiro da Campanha, wato mahaifinsa ya tattara sunan ƙasa da na jiha da na gari ya laƙaba masa. Gidansu ba na wadata ba ne, don haka da guminsa ya yi karatu, yana ƙananan ayyuka da koyarwa, har ya kammala karatun likita a birnin Rio de Janeiro a 1891. Ya fara aiki da hukumar lafiya ta Sao Paulo, inda aka riƙa tura shi garuruwan da cutar shawara da kwalara suka ɓulla.

A 1895 ya koma garin Botucatu ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya, kuma a nan ne ya ga ɓarnar maciji ido da ido. Da farko bai raina maganin mutanen karkara ba. Ya tattara ganyaye da saiwoyin da ake cewa suna karya dafi, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan dabbobin da ya sa wa dafi, amma babu wanda ya ceci ko guda.

Ana cikin haka sai rubuce-rubucen Albert Calmette suka zo hannunsa. Calmette likita ne Bafaranshe, almajirin makarantar Pasteur, wanda ya yi nazarin dafin gamsheƙar Asiya a Saigon. A 1894 ya nuna cewa idan ana yi wa dabba allurar dafi kaɗan-kaɗan, ana ƙara yawansa sannu a hankali, jikinta zai ƙera garkuwa, kuma ruwan jininta zai zama makari ga wanda maciji ya sara. Calmette ya ɗauka cewa dafin macizai duk tushensa ɗaya, saboda haka makarin da ya haɗa da dafin gamsheƙa zai yi aiki a ko'ina a duniya.

Vital Brazil ya ajiye aikinsa na Botucatu a 1897, ya shiga Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cuta ta Sao Paulo a ƙarƙashin Adolfo Lutz, domin ya sami wurin gwaji. Akwai abin da ya daɗe yana lura da shi a gadon marasa lafiya. Wanda jararaca ta sara, ƙafarsa kan kumbura, jini ya ƙi daskarewa, naman wurin ya ruɓe. Wanda kuwa cascavel ya sara, wato macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya, wurin saran ba ya wani kumburi, sai dai fatar ido ta sauka, gani ya dushe, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta gaza. Alamu biyu mabambanta irin waɗannan, a ganinsa, ba za su fito daga guba iri ɗaya ba.

Sai ya yi wa wasu dabbobi rigakafi da dafin jararaca, wasu kuma da na cascavel, ya ɗebi ruwan jinin kowane rukuni ya gwada. Sakamakon da ya samu a 1898 a bayyane yake: makarin jararaca ba ya ceto daga cascavel, na cascavel ma ba ya ceto daga jararaca. Makarin Calmette da aka kawo daga Faransa kuwa bai tsinana komai ba a kan macizan Brazil. An shafe shekaru ana muhawara tsakaninsa da babban malamin na Faransa, matashi daga ƙasar da Turai ba ta ɗauka da muhimmanci a fagen kimiyya ba yana ƙalubalantar cibiyar da duniya ke sara wa. Gwaji ne ya raba gardamar, kuma a kan ƙa'idarsa ake haɗa makarin dafi har yau.

A 1899 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓulla a tashar jiragen ruwa ta Santos. Aka tura shi bincike, shi ma ya kamu, amma ya tashi. Da yake maganin annobar daga Turai ake sayowa kuma ba ya isa, gwamnatin jihar ta sayi wata gona mai suna Butantan a bayan birnin Sao Paulo domin a riƙa haɗa shi a gida. A watan Fabrairun 1901 wurin ya zama cibiya mai zaman kanta, Vital Brazil ne daraktanta na farko. Ya cika aikin da aka ɗora masa na maganin annoba, kuma a cikin shekarar ya fitar da kwalaben farko na makarin dafi daga jinin dawaki da alfadarai. Iri uku ya haɗa: na cascavel, na dangin jararaca, da na gamayya domin wanda bai ga abin da ya sare shi ba.

Matsala biyu ta rage. Ba a samun makari sai da dafi, ba a samun dafi sai da macizai masu rai, kuma maganin da ke ajiye a birni ba ya amfanar wanda aka sara a ƙauye mai nisa. Da dabara ɗaya ya warware su duka. Cibiyar ta riƙa aika wa manoma akwatunan katako da sandar kamu mai zarge a baki. Manomi ya kama maciji ya sa a akwati, kamfanonin jirgin ƙasa su kai shi Butantan kyauta, a mayar masa da kwalaben makari da sirinji da takardar bayanin yadda ake amfani da su. Ta haka magani ya isa gonaki, cibiyar kuma ta san irin macijin da ke kowane yanki.

Bai tsaya ga magani kaɗai ba. A littafin da ya wallafa a 1911 kan kariya daga saran maciji, ya nuna cewa mafi yawan sara a ƙafa ake yin sa, don haka takalmi mai tsawo ya isa ya hana da yawa daga ciki. Ya kuma roƙi manoma su daina kashe mussurana, macijin da ke cinye macizai masu dafi. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt, da ya ziyarci Butantan a 1913, ya ga yadda mussurana ke haɗiye jararaca.

A watan Janairun 1916 wani maciji mai kacau-kacau ya sari ma'aikacin gidan namun daji na Bronx a birnin New York, jikinsa ya tsananta. Sai aka yi dace Vital Brazil yana birnin, bayan wani taron masana kimiyya da ya halarta a Washington, kuma yana tafe da makarinsa. Da yake macijin ɗan dangin cascavel ne, allurar ta yi aiki, mutumin ya rayu, labarin ya bazu a jaridu.

A 1917 aka ba shi takardar haƙƙin mallakar wannan magani. Da ya so, da ita kaɗai ta azurta shi da zuriyarsa, amma sai ya miƙa ta kyauta ga gwamnatin Sao Paulo domin kada kuɗi ya shiga tsakanin manomi da magani. Wannan bai hana saɓani shiga tsakaninsa da shugabannin hukumar lafiya ta jihar ba, har ya bar Butantan a 1919 ya kafa wata cibiya mai sunansa a Niteroi. An sake kiransa ya jagoranci Butantan daga 1924 zuwa 1927, kuma bincikensa ya haɗa har da dafin kunama da na gizo-gizo. Ya rasu a Rio de Janeiro ranar 8 ga Mayu, 1950, yana da shekara 85.

Ƙa'idar da ya kafa tana aiki a Najeriya kamar yadda take aiki a Brazil. Makarin da aka haɗa da dafin macizan Indiya ba abin dogaro ba ne ga wanda kububuwa ta sara a Gombe ko Taraba. Shi ya sa aka haɗa makarin EchiTAb, wanda ake amfani da shi a asibitin masu saran maciji na Kaltungo, da dafin macizan Najeriya, ko da yake a Birtaniya da Costa Rica ake sarrafa shi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa sakaci. Cibiyar Butantan kuwa tana nan a hannun gwamnatin jihar Sao Paulo, tana kiwon dawakinta, tana haɗa makarin da ake bai wa marasa lafiya kyauta a asibitocin gwamnati na ƙasar.